Gidajen jeri na zamanin Sarauniya Biktoriya: wa ya gina su, kuma me ya sa suke haka?

Tambaya: "Ni ma'aikaciyar jinya ce, aiki ya kawo ni Manchesta. Gidan da muke haya yana cikin wani dogon layi na gidajen jan bulo, duk iri ɗaya, manne da juna. Gidan siriri ne, banɗaki yana ƙasa can bayan kicin, ga rima a bango duk lokacin sanyi. Dillali ya ce ginin zamanin Sarauniya Biktoriya ne, yana faɗa da alfahari. Wa ya gina su haka, kuma don me? Gida ne da mutum zai iya saye?"

Amsa:

Malama, sannu da aiki, Allah ya ba da ladan jinya. Dillalin bai yi miki ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Gidan da kike ciki, wanda su suke kira teras, ba a gina shi don ƙawa ba. An gina shi ne don a ba leburan masaƙa ko ɗan ƙaramin akawu haya, a karɓi kuɗi duk mako. Kusan duk abin da ya ɗaure miki kai a cikinsa, daga sirantarsa har zuwa inda banɗakin yake, abu uku ne suka tsara shi: tsadar fili, dokar da annoba ta haifar, da kuma wutar kwal.

Biktoriya ta hau gadon sarauta a 1837, ta rasu a 1901. Ƙidayar 1801 ta samu mutum kusan miliyan 9 a Ingila da Wales, ta 1851 ta samu kusan miliyan 18, ta 1901 kuwa miliyan 32 da rabi. A ƙidayar 1851 ne aka fara ganin mazauna birane sun rinjayi na karkara. Manchesta ita ce cibiyar auduga ta duniya a lokacin, har yadinta yana ƙetare Sahara. Matafiyin nan Heinrich Barth ya tarar da shi a kasuwar Kano a 1851. Masu saƙa wannan akoko da alawayyo suna shiga aiki tun da asuba, kuma da ƙafa suke zuwa, don motar haya mai araha ba ta samu ba sai can ƙarshen ƙarnin. Dole gidan ma'aikaci ya kasance inda zai ji ƙararrawar masaƙa. Fili a irin wannan wuri kuwa ba arha.

Shi tsarin jera gidaje bango ɗaya, asalinsa ba na talaka ba ne. Bayan gobarar da ta cinye Landan a 1666, 'yan kasuwar gini irin su Nicholas Barbon suka riƙa yanka filaye siri-siri suna jera gidajen bulo. Dokar gini ta Landan ta 1774 ta kasa irin waɗannan gidaje aji huɗu bisa girma da daraja. Idan kika samu hutu ki je garin Bath ki ga Royal Crescent, gida 30 a jere cikin lanƙwasa ɗaya, wanda John Wood ƙarami ya zana. Attajirai ne suka zauna a ciki. Maginin zamanin Biktoriya wannan tsarin ya ɗauko ya matse shi har ya kai ƙarfin aljihun mai albashin mako.

Dalilin sirantar lissafi ne. Abin da ya fi cin kuɗi wajen buɗe sabuwar unguwa shi ne titi da kwata da bututun ruwa, kuma da tsawon fuskar fuloti ake auna su. Idan ka rage faɗin kowane gida zuwa mita huɗu ko biyar, ka ja shi ya yi tsawo zuwa baya, titi ɗaya zai ɗauki gidaje ninkin abin da zai ɗauka da an bar su a warwatse. Ga shi kowane bango na gefe yana yi wa gida biyu aiki, bututun hayaƙi ma a haɗe. Waɗanda suka yi ginin yawanci ba manyan kamfanoni ba ne. Birkila ne ko kafinta da ya tara 'yan kuɗi, ya karɓi fuloti shida ko goma daga mai ƙasa, ya ci bashin kayan aiki, ya gina, ya sayar wa masu zuba jari a gidan haya, sannan ya kama na gaba. Da yawansu sun karye a hanya. Ki tsaya a bakin layinku ki duba da kyau: za ki ga inda launin bulo ya ɗan sauya, ko adon saman ƙofa ya canza, ko rufi ya ɗan ɗaga. Nan ne wani magini ya tsaya wani ya ɗora. Akwai masu masana'antu da suka gina wa ma'aikatansu gari guda, kamar Saltaire da Titus Salt ya fara a 1851 kusa da Bradford, amma su tsiraru ne, kuma suna da suna ne don sun fita daban.

Kada ki ɗauka gidanki shi ne mafi ƙasƙanci a zamaninsa. Kafin irinsa akwai gidajen baya-da-baya: gida biyu sun jingina da juna, bango uku duk na maƙwabta ne, ƙofa da taga a fuska ɗaya kawai, iska ba ta da hanyar ratsawa. A kan jera su kewaye da wani ɗan tsakar gida da ake shiga ta siririn lungu, famfo ɗaya da masai ɗaya ko biyu na iyalai da dama. A Libaful da Manchesta dubban mutane a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suke kwana. Rahoton da Edwin Chadwick ya fitar a 1842 ya nuna cewa matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburori 17 ne a Manchesta, 15 a Libaful, alhali a karkarar Rutland 38 ne. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin san abin da ke jawo irin wannan adadi ƙasa: mutuwar jarirai ce. Kwalara ta shigo a 1831, ta dawo a 1848, ta sake dawowa a 1854, shekarar da likita John Snow ya bi sawunta har zuwa wani famfo a titin Broad na Landan. Da yake ita kwalara ba ta tambayar albashin mutum kafin ta kama shi, masu kuɗi ma suka tsorata, majalisa ta motsa.

Manchesta ta hana gina sababbin gidajen baya-da-baya tun 1844. Dokar ƙasa ba ta hana su ba sai 1909, kuma duk da haka Leeds ta bi ta wata kafa ta ci gaba da gina su har 1937, shi ya sa har yau dubbai suna nan ana zaune a ciki. A Bamingham tsakar gida ɗaya tak ta rage, an mai da ita gidan tarihi.

Dokar da ta haifi gidanki ita ce Dokar Lafiyar Jama'a ta 1875, tare da samfurin ƙa'idojin gini da gwamnati ta rarraba wa ƙananan hukumomi a 1877. Ƙa'idojin sun ce sabon titi kada ya gaza ƙafa 36 a faɗi, wato kamar mita 11. Kowane gida ya samu fili a bayansa, aƙalla murabba'in ƙafa 150. Taga ta kai kashi ɗaya cikin goma na girman daɓen ɗaki. A sa shimfiɗar da za ta tare danshin ƙasa a gindin bango, a kuma ba kowane gida makewayinsa. Magini mai neman riba ba zai ƙara ko taku ɗaya a kan abin da doka ta tilasta masa ba, ba zai kuma iya ragewa ba saboda sufeto. Sai kowa ya gina daidai gwargwadon ƙa'ida, layi bayan layi, daga unguwar Longsight zuwa Gorton zuwa Moss Side a nan Manchesta. Wannan kamannin da kike gani, mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi ne aka maimaita sau dubbai. Masu zanen gine-gine na wancan lokaci sun raina waɗannan unguwanni ƙwarai, suna cewa ba su da rai. Ni dai a ganina sun yi musu rashin adalci: uwar da ta fito daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta samu ƙofar gaba da ta baya da famfonta na kanta, ba kamannin layi ne ya dame ta ba.

Yanzu mu shiga ciki. Mafi sauƙinsu ɗaki biyu ne a ƙasa, biyu a sama, matakala a tsakiya, mai tsayi da ƙunci don kada ta ci wuri. Ɗakin gaba falo ne, kuma abin mamaki, a gidan da yara shida suke kwana ɗaki ɗaya, wannan falon a rufe yake yini. Na ranar Lahadi ne, da baƙo mai daraja, da saurayin da ya zo neman aure, da kuma gawa kafin a kai ta. Rayuwa duk a ɗakin baya take, inda murhun ƙarfe mai cin kwal yake dafa abinci, yana tafasa ruwa, yana ɗumama gida. A bayansa akwai ɗan ɗakin wanke-wanke, da tukunyar tagulla da aka gina cikin bulo don tafasa kayan wanki ran Litinin. Wannan ɓangaren da ya miƙe zuwa baya ba ya cika faɗin gidan. An bar siririn fili a gefensa don tagar ɗakin baya ta samu haske, shi ya sa ɗakin nan yake da duhu-duhu har gobe.

Banɗaki kuwa babu shi sam. Wanka a bahon kwano ake yi gaban murhu, sau ɗaya a mako, yara su bi juna a ruwa ɗaya, ko kuma a tafi gidan wanka na hukuma. Victoria Baths da aka buɗe a 1906 yana nan a garinku. Makewayi yana can ƙarshen tsakar gida, jikin katangar baya, kusa da rumbun kwal. A Manchesta an daɗe ana amfani da bokiti, masu kwasa su bi da keken doki da dare. Wannan siririn lungu da ke bayan layinku, inda kuke ajiye kwandon shara yanzu, domin su aka yi shi. Makewayi mai ruwa ya bazu ne bayan ruwan famfo ya wadata, musamman da aka jawo ruwa daga tafkin Thirlmere a 1894. Banɗakin da kike amfani da shi an liƙa shi ne daga baya, galibi tsakanin shekarun 1960 da 1980, lokacin da gwamnati take ba da tallafin gyaran tsofaffin gidaje. Mai gida ya duba ya ga bututun ruwa da na kwata duk a baya suke, kuma idan ya kai banɗaki sama zai rasa ɗakin kwana guda. Sai ya rushe rumbun kwal ya gina shi a nan.

Kayan ginin ma suna da nasu tarihin. An soke harajin gilashi a 1845, na bulo a 1850, na taga a 1851, shi ya sa gidajen rabin ƙarnin na biyu suka fi yalwar taga. Jirgin ƙasa ya sa baƙin dutsen nan mai tsagewa falle-falle da ake haƙowa a arewacin Wales, a Penrhyn da Dinorwig da Blaenau Ffestiniog, ya zama rufin kusan kowane gari. Bango dai ya fi bin ƙasar wuri: jan bulo a Manchesta, rawaya a Landan, dutse a Bradford da kwarurukan kwal na kudancin Wales. Ado kuwa daga kundin 'yan kasuwa ake zaɓarsa, an riga an zuba shi a masana'anta: tayil mai zane na kamfanin Minton a daɓen shiga, gilashi mai launi a ƙofa, furen filasta a tsakiyar silin. Da waɗannan ƙananan abubuwa ake gane matsayin mai haya. Ƙofar da ta buɗe kai tsaye daga titi zuwa falo ta lebura ce. Idan akwai siririn baranda a ciki, an ɗan hau. Idan akwai taga mai turo ƙirji waje da ɗan lambu taku uku a gaba, to akawu ne ko fomen. Ki zaga baya kuma ki ga yadda aka yi da bulo mai araha inda baƙo ba ya gani. Idan kin lura da guntayen ƙarfe a kan gajeriyar katangar gaba, ragowar shingen da aka yanke ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da sunan za a narka a yi makamai.

Sai maganar rima, wadda na san ita ta fi ci miki tuwo a ƙwarya. Bangon waje na irin gidan nan tsawon bulo ɗaya ne, inci tara, babu rata a tsakiya irin ta ginin zamani. Ba da siminti aka ɗaura bulon ba, da kwaɓin farar ƙasa ne, wadda ake samu idan an ƙona dutsenta. Irin wannan bango yana shan ruwan sama, yana kuma sakinsa idan iska ta kaɗa. Daɓen ƙasa katako ne a kan sanduna, da sarari a ƙarƙashi, iska tana shiga ta wasu bulo masu huji-huji a gindin bango. Tagogin katako masu zugewa sama da ƙasa ba sa rufuwa ruf. Sannan kusan kowane ɗaki da murhunsa, wutar kwal tana zuƙar iskar ɗaki tana fitarwa ta bututun hayaƙi dare da rana. Gidan yana da sanyi, yana cin kwal kamar me, ya kuma turnuƙe gari da hayaƙi, amma yana bushewa.

Bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a 1952, aka yi dokar tsabtace iska ta 1956, murhun kwal ya fara mutuwa. Masu gida suka toshe bututun hayaƙi, suka sa tagogin roba masu gilashi biyu da ba sa barin iska, suka cike tsakanin bulo da siminti, wasu suka shafe bangon gaba ɗaya da filastar siminti ko fenti mai kama da leda. Wani ya ɗaga daɓen tsakar gida har ya binne bulo masu hujin. Duk wanda ya taɓa ganin ginin ƙasa a Kano ko Zariya da aka yi wa filastar siminti ya san ƙarshen labarin: ruwa ya samu tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, bango ya jiƙe daga ciki, wata rana filastar ta ɓantaro da ƙasar gaba ɗaya, alhali maƙwabcinsa mai yaɓen makuba yana tsaye. Abin da ke faruwa da bulon Biktoriya ke nan, sai dai a hankali.

Mu ma muna ƙara wa abin gishiri ba da sani ba. Tukunya tana tafasa awa biyu, an shanya wanki a kan hita, an rufe ko'ina saboda sanyi, an kashe ɗumama saboda tsadar gas. Tururin nan bango mafi sanyi yake nema ya kwanta, yawanci bayan kabad ko kusurwar ɗakin sama, nan baƙar fumfuna take tsirowa. Ki bambance iri biyu. Idan ɗigo-ɗigon baƙi ne a kusurwa da gefen taga, kuma da sanyi yake tsananta, tururin cikin gida ne: a kunna fankar kicin da ta banɗaki, a rufe tukunya, a ɗan buɗe taga safe da yamma ko na minti goma, a janye kaya daga jikin bangon waje, a bar ɗumama kaɗan-kaɗan maimakon a ƙure ta sannan a kashe. Idan kuwa tabo ne mai gefe da ke faɗaɗa bayan ruwan sama, ko filasta tana kumbura tana fitar da farin gishiri, to daga waje ne, indararo ya toshe ko rufi ya zame, kuma gyaransa a wuyan mai gida yake. Ki rubuta masa, ki ajiye hoto. Dokar 2018 ta wajabta masa ba da gidan da ya dace da zaman mutum, kuma sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma yana da ikon shiga maganar. A yi hattara da kamfanonin da ke zuwa duba rima kyauta. Wanda yake sayar da maganin da ake ɗura wa bango ta allura don tare danshi da wuya ya duba bango ya ce ba ya bukatar allura.

Yadda gidajen suka koma abin alfahari kuwa, sai da aka gwada wani abu aka ga bai yi ba. Tun daga rahoton Tudor Walters na 1918, wanda ya nemi gida 12 kacal a kowace eka, hukuma ta juya wa jeri baya. Daga 1930, musamman kuma bayan yaƙi, aka riƙa share unguwanni ɗungurungum ana kafa dogayen benaye na kankare. A Hulme, nan kusa da ke, an rushe layukan jeri aka gina wasu manyan benaye huɗu masu lanƙwasa da aka kammala a 1972, aka ma raɗa wa ɗaya sunan John Nash, wanda ya zana jerin gidajen alfarma na Regent's Park. Shekara ashirin da 'yan kai aka rushe su. A 1968 gas ya fashe a bene mai hawa 22 na Ronan Point a gabashin Landan, kusurwa guda ta rufto, mutum huɗu suka mutu. Shekara ɗaya bayan haka dokar gidaje ta 1969 ta karkata kuɗi zuwa gyaran tsofaffin unguwanni. Mutane suka gano cewa gidan da ke da ƙofarsa a bakin titi, da silin mai tsayi, kusa da tsakiyar gari, ba abin yarwa ba ne. Yau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen Ingila na jeri ne. A Landan wanda aka gina wa lebura sai mai hannu da shuni, a wasu unguwannin Libaful kuwa an taɓa kai ga hukuma ta sayar da waɗanda aka ƙaurace wa a kan fam ɗaya ga wanda zai gyara ya zauna. Gini iri ɗaya ne, wurin ne ya bambanta.

Ko za a iya saye? Ƙwarai kuwa. Waɗanda aka yi wa algus sosai yawanci sun riga sun tafi. Wanda ya kai shekara 130 a tsaye ya ba da shaidar kansa. Abin tsoro a wurina ba aikin maginin farko ba ne, aikin waɗanda suka biyo baya ne. Ki ɗauki safiyo mai duba lafiyar gini wanda ya san tsofaffin gidaje, kada ki tsaya ga ɗan kimanta farashin da banki zai turo. Ya leƙa ƙarƙashin rufi ya ga ko an cire ƙirjin murhu, wato ginin bulon da ya turo cikin ɗaki yana ɗauke da bututun hayaƙi, a ƙasa an bar tulin bulon bututun a sama ba madogara, don wannan ya zama ruwan dare. Ya duba ko an fasa bangon da ke tsakanin falo da ɗakin baya ba tare da an sa bim na ƙarfe ba, da ko an sauya rufin dutse da tayil na kankare, wanda ya fi shi nauyi har katakon rufi ya lotsa. Harsashin waɗannan gidaje ba shi da zurfi, taga mai ƙirji ma nata ya fi gajarta, don haka tsaga a inda ta haɗu da bango abin dubawa ne. A tambayi bututun ruwa ko har yanzu na darma ne, da shekarun wayar lantarki. Lauyanki kuma ya tabbatar ko har da ƙasar za ki mallaka, domin a yankin Manchesta gidajen jeri da yawa suna kan hayar ƙasa ta shekara 999, ana biyan wani ɗan kuɗi duk shekara. Idan kuma kina da niyyar ƙara ɗaki a sama ko ki taɓa bangon da kuka haɗa, dokar 1996 ta ce sai kin sanar da maƙwabci a rubuce kafin birkila ya ɗaga guduma.